Tambayoyi da Amsoshi: Tsarin Ma'aikatan Kashe Gobara na Jiran Kira a Garuruwan da Ke Bunƙasa

Wanda ya saba ganin 'yan kwana-kwana a matsayin ma'aikatan gwamnati masu kwana a tasha zai yi mamakin jin cewa a Amurka da ƙasashen Turai da dama, mafi yawan masu kashe gobara suna da sana'o'insu daban, sai an kira su suke ajiye abin da suke yi su nufi tasha. Tsarin ya daɗe yana yi wa ƙananan garuruwa amfani, amma yakan fara rauni da zarar gari ya soma cika. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda kansiloli, shugabannin tashoshi da mazauna irin waɗannan garuruwa suka fi maimaitawa, kuma yawancin amsoshin sun dogara ne ga yadda lamarin yake a Amurka.

1. Wane ne ma'aikacin jiran kira, kuma da me ya bambanta da sauran?

Masu kashe gobara iri uku ne. Akwai ma'aikacin dindindin, wanda kashe gobara ce sana'arsa, yana zaune a tasha a lokacin aikinsa kuma yana karɓar albashi. Akwai ɗan sa-kai, wanda ba a biyansa komai ko kuma a ba shi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A tsakaninsu akwai ma'aikacin jiran kira, wanda yake zaune a gida ko a wurin sana'arsa da 'yar na'urar kira rataye a ƙugu, ko manhaja a wayarsa, kuma ana biyansa gwargwadon kiran da ya amsa da sa'o'in horon da ya halarta.

A Birtaniya ana ƙara masa da kuɗin zama cikin shiri na shekara, da sharaɗin gidansa ko wurin aikinsa bai wuce tafiyar kusan minti 5 daga tasha ba. Babban bambancin da ya shafi mai gidan da ke ci da wuta shi ne lokaci: ma'aikacin dindindin yana kusa da motar, shi kuwa na jiran kira sai ya tuƙo zuwa tasha, ya sa kayan aiki, ya jira abokan aikinsa su cika, sannan motar ta tashi.

2. Yaya yawansu yake, kuma me ya sa garuruwa suka dogara gare su?

Ƙididdigar ƙungiyar NFPA, wadda ke tsara ƙa'idojin kariya daga gobara a Amurka, ta nuna cewa a 2020 ƙasar na da masu kashe gobara kusan 1,041,200, kuma 676,900 daga cikinsu, wato kashi 65 cikin 100, 'yan sa-kai ne, har da masu karɓar kuɗin kira. A Faransa kusan huɗu cikin biyar 'yan sa-kai ne. A Jamus sun kai kusan miliyan ɗaya, kuma manyan birane ne kawai ke da rundunar dindindin. Al'adar ta daɗe, domin tun 1736 Benjamin Franklin ya kafa ƙungiyar sa-kai ta kashe gobara a Philadelphia.

Dalilin dogaron kuɗi ne. Garin da ake kira sau biyu ko uku a mako ba zai iya biyan mutum goma sha biyar albashi su zauna suna jira ba. Tambaya ta 7 ta yi lissafin dalla-dalla.

3. Jama'ar garinmu sun ninka. Ashe bai kamata masu amsa kira su ma su ƙaru ba?

Hankali zai ce haka, amma akasin haka ake gani kusan ko'ina. A 1984 'yan sa-kai a Amurka sun kai kusan 897,750, sannan suka ragu zuwa adadin da aka ambata a tambaya ta 2, alhali yawan kiran da ake yi wa hukumomin kashe gobara ya ninka kusan sau uku a tsawon wannan lokaci. A jihar Pennsylvania raguwar ta fi tsanani, daga kusan 300,000 a shekarun 1970 zuwa kusan 38,000 a 2018.

Irin mutanen da ke cika gari mai bunƙasa ne ke bayyana wannan. Tsohon tsarin an gina shi ne a kan manomi, makaniki, mai shago da ma'aikacin masana'antar gari, mutanen da ke wuni kusa da tasha kuma suna iya rufe ƙofa su fita. Sababbin mazauna kuwa kwana kawai suke yi a garin: da sassafe sun kama hanyar babban birni, sai dare suke dawowa, kuma a gidaje da yawa miji da mata duk suna aiki, babu wanda za a bar wa yara in kira ya shigo. Ga kuma tsadar gidaje da bunƙasar ke jawowa, wadda ke kora matasan da suka fi dacewa da aikin zuwa nesa da tasha. Wasu sababbin mazaunan ma ba su san cewa maƙwabtansu ne ke cikin motar ba, sun ɗauka harajinsu ya riga ya ɗauki ma'aikata.

Horo ma ya ƙaru. Kafin a bar mutum ya shiga gida mai ci da wuta sai ya yi watanni yana zuwa darasi da yamma da ƙarshen mako, idan kuma zai riƙa kula da marasa lafiya sai ya ƙara wasu sa'o'i kusan 150. Wannan horo wajibi ne, kuma kuskure ne a nemi rage shi don a samu mutane, amma dole a yarda cewa yana rage masu iya shiga.

4. Mutum nawa ya kamata su isa wurin gobara, kuma cikin minti nawa?

Ƙa'idar NFPA 1720, wadda aka rubuta don hukumomin sa-kai da masu gauraye (masu haɗa 'yan sa-kai da ma'aikatan dindindin), ta raba wurare bisa cunkoson jama'a. Inda mutane suka haura 1,000 a murabba'in mil, ana son mutum 15 cikin minti 9, a kashi 90 cikin 100 na kiraye-kirayen. Inda suke tsakanin 500 da 1,000, mutum 10 cikin minti 10, a kashi 80. A karkara, mutum 6 cikin minti 14, a kashi 80. Abin lura shi ne gari yana iya tsallakawa daga wani rukuni zuwa wani ba tare da kowa ya ankara ba, domin unguwa biyu ko uku da aka gina a tsohuwar gona sun isa su mayar da ma'aunin minti 14 ya koma minti 10. Hukumomin dindindin kuwa NFPA 1710 suke bi, wadda ke neman mutum 4 a kowace mota da tafiyar minti 4 ga motar farko. Waɗannan ƙa'idoji ba doka ba ne sai inda hukuma ta ɗauke su, amma da su ake auna aiki.

Akwai kuma ƙa'idar hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta 1998: idan biyu za su shiga cikin hayaƙi da tukunyar iska a bayansu, dole wasu biyu su tsaya a waje a shirye don ceto su, sai dai in an san akwai wanda ke cikin haɗarin mutuwa a ciki. Saboda haka motar da ta iso da mutum biyu ta iso, amma aikin cikin gida bai fara ba. Gwajin da NIST, cibiyar ma'auni da fasaha ta gwamnatin Amurka, ta wallafa a 2010 ya nuna cewa rukunin mutum 4 ya kammala ayyukan kashe gobarar gida da saurin da ya fi na mutum 2 da kusan kashi 30 cikin 100, ya kuma fi na mutum 3 da kusan kashi 25.

Mintunan sun ƙara tsada fiye da da, domin kayan ɗaki sun canza. A wani sanannen gwaji na kamfanin UL, mai gwada amincin kayayyaki, ɗakin da aka cika da tsofaffin kayan katako da auduga ya ɗauki kusan minti 29 kafin wuta ta game shi gaba ɗaya, na kayan soso da roba irin na yanzu kuwa bai kai minti 5 ba.

5. Ta yaya za mu gane tsarinmu ya fara gazawa tun kafin a yi asara?

Kada a duba jerin sunaye, a duba rajistar kira. Tasha na iya samun sunaye 40 a allo da kabad 40 cike da hula da takalma, alhali mutum goma ne ke amsa mafi yawan kiran. Haka kuma matsakaicin lokaci yana yaudara, domin kiran yamma da na ƙarshen mako, lokacin da kowa yana gida, suna rufe asirin na rana. Abin da ya dace shi ne a ware kiraye-kirayen Litinin zuwa Juma'a, daga 6 na safe zuwa 6 na yamma, a duba minti nawa motar farko ta ɗauka kafin ta fita, da mutum nawa masu izinin shiga wuta ta fita, sau nawa aka sake buga kira karo na biyu saboda ba a amsa na farko ba, kuma sau nawa motar wani gari ta riga ta garin isa.

Yanayin da ake tsoro sananne ne ga duk wanda ya yi aikin. Ƙarfe 11 na safiyar Talata na'ura ta yi ƙara, direba ya iso ya tayar da mota ya buɗe ƙofar tasha, wani dattijo mai ritaya ya iso ya sa kayansa, su biyu suna kallon titi suna jiran na uku, mai kula da rediyo kuma yana sake kira. A rajista za a rubuta cewa an amsa. Idan irin wannan safiya ta fara yawa, gari ya riga ya wuce tsarinsa, ko da har yanzu ba a rasa rai ba. A ganina shugaban tasha da ya kai waɗannan alƙaluma gaban majalisar gari bai ci mutuncin mutanensa ba, ya cece su ne daga ɗaukar laifin abin da ya fi ƙarfinsu.

6. Sai mun koma ma'aikatan dindindin gaba ɗaya, ko akwai matakai a tsakani?

Akwai matakai, kuma yawancin garuruwa suna bin su ne ɗaya bayan ɗaya cikin shekaru. Na farko shi ne jadawalin jira: maimakon a kira kowa a kowane lokaci, sai a raba mutane rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ɗauki alkawarin zama kusa a wasu darare. Wannan ba ya cin kuɗi sosai, yana kuma ba sauran damar yin barci.

Mataki na biyu, wanda ya yaɗu a garuruwan da ke kewaye da Minneapolis a jihar Minnesota, shi ne masu zaman tasha. Ma'aikatan jiran kira su ne dai suke yin rajistar zangon aiki na wasu sa'o'i, su zauna a tasha ana biyansu da awa, ta yadda motar farko za ta fita nan take, a bar kiran gama-gari don babbar gobara. Matasa masu iyali sukan fi son wannan, domin mutum ya san yaushe yake aiki kuma yaushe yake gida. Rauninsa shi ne zangon rana a tsakiyar mako yakan rasa mai ɗauka, saboda dalilan da aka bayyana a tambaya ta 3. Daga nan ne ake zuwa mataki na uku, a ɗauki 'yan ma'aikatan dindindin don aikin rana kawai, masu jiran kira su riƙe dare da ƙarshen mako. A Birtaniya akwai makamancinsa, inda ma'aikata ke wuni a tasha, da dare kuma su amsa kira daga gidajensu na kusa. Wasu garuruwa masu kwaleji sukan ba ɗalibai ɗakin kwana kyauta a tasha a madadin zangon aiki.

Mataki na ƙarshe kafin rundunar dindindin zalla shi ne cikakken gauraye: mota ɗaya ko biyu da ma'aikatan dindindin dare da rana, sauran motocin kuma a hannun masu jiran kira. Gundumar Loudoun a jihar Virginia, wadda jama'arta suka tashi daga kusan 86,000 a 1990 zuwa kusan 421,000 a 2020, tana gudanar da tsari guda da ya haɗa ma'aikatan gunduma da ƙungiyoyin sa-kai. Bloomington a Minnesota, mai mutane kusan 90,000, ya daɗe yana dogara ga masu jiran kira, sai a 'yan shekarun nan ya fara ɗaukar na dindindin da yawa.

7. Mutum nawa za mu ɗauka don mota ɗaya ta kasance a shirye dare da rana?

A nan ne kansiloli suka fi yin kuskure, sukan ɗauka mota mai kujera 4 mutum 4 take buƙata. Shekara tana da awa 8,760. A jadawalin da ya fi yawa a Amurka, awa 24 a aiki sannan awa 48 a gida, mutum yana yin matsakaicin awa 56 a mako, don haka kowace kujera tana cin mutum 3. Mota ɗaya ke nan mutum 12, kafin a sa hutun shekara, rashin lafiya, rauni da zuwa horo. Da an sa waɗannan sai adadin ya kai 14 ko 15, in ba haka ba kuɗin ƙarin lokaci ya cinye abin da aka ɗauka an rage. Inda ake aikin awa 42 a mako da rukuni huɗu, daga 16 ake farawa.

Aikin rana kawai, awa 12 daga Litinin zuwa Juma'a, awa 60 ne cikin awa 168 na mako, wato ɗan sama da kashi ɗaya cikin uku, kuma su ne sa'o'in da suka fi rauni. Shi ya sa garuruwa da yawa suke farawa da shi. A tuna kuma cewa tsohuwar tashar da aka gina don ajiye mota ba ta da ɗakin kwana, wurin wanka ko kicin, kuma gyaranta na cikin kuɗin sauyin.

8. Daga ina kuɗin zai fito?

Daga harajin gidaje da filaye, galibi. Gwamnatin tarayyar Amurka tana da tallafin SAFER a hannun hukumar agajin gaggawa ta FEMA, wanda aka fara rabawa a 2005, don ɗaukar sababbin ma'aikata ko neman 'yan sa-kai da riƙe su. Tallafin ɗaukar ma'aikata na shekara 3 ne, daga nan nauyin ya dawo kan gari. Garin da ya karɓa ba tare da ya tsara yadda zai biya a shekara ta huɗu ba, jinkirta matsalarsa kawai ya yi.

Akwai ɓangaren da mazauna ba su cika lura da shi ba, wato inshora. Kamfanin ISO, mai tattara wa kamfanonin inshora bayanai, yana ba garuruwa daraja daga 1 zuwa 10 kan kariyar gobara, inda kusan rabin maki ya rataya ga hukumar kashe gobara, kusan kashi 40 ga wadatar ruwa, kusan kashi 10 ga tsarin karɓar kira. A lissafinsa, masu jiran kira uku da suka amsa daidai suke da mutum ɗaya mai zama a tasha. Kamfanonin inshora da dama suna duba wannan daraja wajen sa farashi, sai dai kada a yi wa jama'a alkawarin cewa ragin inshora zai biya ƙarin harajin, domin ba kullum haka take faruwa ba.

9. Idan muka ƙara wa masu jiran kira kuɗi, yaushe doka za ta ɗauke su ma'aikata?

Dokar ƙwadago ta tarayyar Amurka, bayan gyaran 1985, ta yarda a ba ɗan sa-kai kuɗin ɗawainiya da ɗan ihsani ba tare da ya zama ma'aikaci ba, kuma Ma'aikatar Ƙwadago ta bayyana a 2006 cewa ihsanin bai kamata ya wuce kashi 20 cikin 100 na abin da za a biya ma'aikacin dindindin kan wannan aiki ba. Wanda ake biya da awa don zaman tasha kuwa ya kamata a ɗauke shi ma'aikacin wucin gadi, da mafi ƙarancin albashi da kuɗin ƙarin lokaci, wanda ga masu kashe gobara yake farawa bayan awa 212 cikin kwana 28 idan gari ya zaɓi wannan tsari. Dokar ta kuma hana ma'aikacin dindindin ya yi irin aikinsa kyauta ga hukumar da ke biyansa, don haka garin da ya ɗauki gwanayen 'yan sa-kansa aiki ya rage masu amsa kiran dare da hannunsa.

A Turai rigimar kan lokacin jira ce. A 2018 Kotun Tarayyar Turai ta yanke a shari'ar Matzak, wani ɗan sa-kai na garin Nivelles a Beljiyam, cewa zaman gida da sharaɗin isa tasha cikin minti 8 lokacin aiki ne. A 2021, a shari'ar wani ma'aikacin jiran kira na Dublin mai wa'adin minti 10, kotun ta ga akasin haka, saboda yana da damar yin wata sana'a kuma ba dole ne ya amsa kowane kira ba. Gwargwadon yadda aka ɗaure mutum, gwargwadon yadda jiransa ke zama aikin da za a biya.

10. Maƙwabtan garuruwa ba za su iya cike giɓin ba?

Yarjejeniyar taimakon juna tana da amfani, musamman irin wadda ake tura motar da ta fi kusa tun kiran farko ba tare da duba iyaka ba. Amma maƙwabcin da ke da irin tsarinku shi ma ƙarfe 11 na safe babu kowa a tasharsa, wanda ke da ma'aikatan dindindin kuwa, masu biyan harajinsa za su gaji da ɗaukar nauyinku. Idan garuruwa biyu ko uku suna fama da matsala ɗaya, haɗa hukumominsu su biya rukunin rana ɗaya ya fi dogaro da alfarma.

11. Dole ne a tayar da kowa saboda kowane kira?

A'a, kuma gyara wannan na daga cikin mafi sauƙin abubuwan da gari zai yi. Gobara ba ta wuce kusan kashi 4 cikin 100 na kiraye-kirayen da ake yi wa hukumomin kashe gobara a Amurka, kusan biyu cikin uku kuwa na rashin lafiya da ceto ne. Gari mai bunƙasa yakan samu gidajen kula da tsofaffi da manyan gine-gine masu ƙararrawa, kuma mutumin da aka tasa sau uku a dare ɗaya don ɗaga wanda ya faɗi ko kashe ƙararrawar ƙarya, sannan ya tafi aikinsa da safe, ba zai daɗe ba. A bar ƙananan kiraye-kiraye ga mutum biyu masu zaman tasha da ƙaramar mota, kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 6, a kuma sa tara ga gine-ginen da ƙararrawarsu ke yawan ƙarya.

12. Me ya sa ake samun saɓani idan na dindindin suka shigo, kuma yaya ake riƙe tsofaffin?

Mutumin da ya yi shekara ashirin yana barin abincinsa a kan tebur don amsa kira yakan wayi gari ya iso tasha ya tarar motar farko ta tafi, aikinsa ya koma naɗe tiyo da wanke mota. Idan aka bar haka, cikin 'yan shekaru zai ajiye na'urarsa, kuma garin zai gano cewa mutum 4 da ya ɗauka ba za su iya samar da mutum 15 da tambaya ta 4 ta nema ba. Su ma na dindindin suna da tasu damuwar ta gaskiya, domin suna son tabbacin cewa wanda zai tsaya musu a waje ya samu horo irin nasu.

Abin da ke rage saɓanin shi ne ma'auni ɗaya ga kowa: horo ɗaya, kayan aiki iri ɗaya, shugabanci ɗaya, kuma muƙami ya bi cancanta ba hanyar biya ba. A ba masu jiran kira kujera a motar farko ta hanyar zangon aiki, a kuma ba su fifiko idan za a ɗauki na dindindin. Fanshon tsawon hidima yana riƙe mutane, kuma Minnesota ta daɗe da shi ta hanyar ƙungiyoyin jin daɗin masu kashe gobara. A Birtaniya sai da masu jiran kira suka kai ƙara har Majalisar Dattawa, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, ta yanke hukuncin da ya goyi bayansu a 2006 kan neman daidaito da ma'aikatan dindindin, abin da ya buɗe musu ƙofar fansho.

Jamus ta kama matsalar ta ɓangaren mai ɗaukar aiki. Dokokin jihohinta sun wajabta masa ya saki ma'aikacinsa idan kira ya zo, ya ci gaba da biyansa, ƙaramar hukuma kuma ta mayar masa da kuɗin. Garuruwa da dama a can suna barin mutum ya zama ɗan tashar garin da yake kwana da kuma tashar garin da yake aiki, don a same shi da rana. Majalisar gari ma babbar mai ɗaukar aiki ce, kuma tana iya farawa da nata ma'aikatan hanya, ruwa da ofis, ta horar da masu so, ta ba su izinin fita da rana ba tare da an yanke musu albashi ba.